Layi Ɗaya a Shafi na Tamanin

Ta zo da la'asar, rana ta karkata kan Kufena,
a bayan mashin ɗin Haladu, tana riƙe da hularta.
Baturiya, jikar Mai Lofe,
da littafi mai kaurin tubali a hammata.
Ta ce gidan Jibo Kuku take nema.
Na ce kin iso. Jibo ya riga mu gidan gaskiya,
ni ce 'yarsa. Cire takalmi, ga tabarma.

Ta shimfiɗa mini bishiyar danginsu,
reshe kan reshe, kakanni goma sha huɗu,
kowa da tambarinsa, zaki riƙe da mabuɗi.
Wannan ya auri 'yar wane, ya ƙaro gandu da tafki,
wannan caca ta cinye masa rabin daji,
wannan yaƙi ya tafi da shi ko gemu bai tsiro ba.
Ga kakanta can ƙasa, ɗan auta, ba gado,
shi ya sa aka turo mana shi ƙidayar haraji.
Sai yayansa ya kwanta dama,
aka bugo waya: taho, gida ya zama naka.
Ya koma, ya tsaya zaɓe, ya shiga majalisar Landan,
shekara ashirin da shida a benci guda.

Sai hotuna.
Gida mai taga sittin, rabinsu a rufe.
Matarsa, leɓe a ɗinke kamar bakin buhu.
'Ya'ya uku da aka kai makarantar kwana
tun ba su gama famfara ba.
Ta ce uwarta ba ta tuna ranar da ya ɗauke ta.
Karnuka biyu, kowanne da sunansa a ƙasan hoto.

Ta ce ya rubuta tarihinsa, akwai Zariya a ciki.
Tana karantawa, Haladu yana juya mini:
ambaliyar Kubanni, ganuwa, kukan jirgi da asuba,
shafi tara kan harbin fakara a bayan Tukur-Tukur.
Sai layi ɗaya a shafi na tamanin:
"Kukuna ya iya miyar albasa."
Na ce sai me? Ya ce shi ke nan, Inna.

Na dubi murhu.
Ban gaya mata nan take ba
cewa Baba ne ya goyo shi daga bariki cikin ruwan Agusta
daren da shawara ta mayar da idonsa ruwan ɗorawa,
ko cewa Hausar da yake taƙama da ita
a bakin madafa ya tsince ta, kalma kalma.

Ita ce ta ce, akwai maganar da ya yi a majalisa,
har jaridu suka buga, har yau danginsu na faɗi.
Ta lanƙwasa harshe, ta yi ta fama:
kowa ya ci ladan kuturu...
Na ƙarasa mata: dole ya yi masa aski!
Dariya ta kama ni har da hawaye.
Baba ya gaya masa haka ranar biyan albashi,
a kan sule biyu da aka zaftare don ya fasa tangaran.

Ta yi shiru. Ta laluba jaka, ta zaro biro,
ta ce, faɗa mini sunansa, zan sa a gefen layin.

Na gyara zama.
Jibo ɗan Tanko, mai dillancin fata a Ƙofar Doka,
ɗan Barau marini, da shuni bai bar farcensa ba har kabari,
ɗan Gambo da ya haƙa rijiyar da kika wuce a lungu,
ɗan Magaji, ɗan Sambo Gurgu,
a hankali, 'yata, rubuta da kyau.

Gefen shafin ya cika.
Ta juya littafin a kaikaice, ta bi ta saman miyar albasa.
Ina kan na bakwai ladan ya kira magariba.
Na ce ajiye biron, akwai saura,
wanke hannu tukuna, tuwo zai huce.